Motata Ta Haura Shekara a Kafe: In Gyara, In Wargaza, Ko In Sayar da Ita a Haka?

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar mota mai shan fetur, atomatik ce, ta kai shekara 17 da ƙerawa. Wata 14 da suka wuce ta ɗauki zafi a hanya, na lallaɓa da ita har gida, daga ranar ba ta sake tashi ba. Bakanikena ya leƙa ya ce injin ya tafi, sai dai a sa wani, kuma kuɗin da ya faɗa ya haura rabin abin da motar za ta yi in tana da lafiya. Yanzu tana ƙofar gida, tayoyi biyu sun sace, mai gidan da muke haya ya fara magana. Wani ɗan gwangwan ya yi mini tayin da ya ɓata mini rai. Bakaniken ya ce in bar masa ita zai riƙa biyana kaɗan-kaɗan. Ƙanena kuma ya ce a wargaza ta a sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, an fi samun kuɗi. Ina bukatar kuɗin nan da 'yan makonni, ban san kan mota ba, kuma ina tsoron a cuce ni. Me zan yi?

Wata mai karatu

Wa'alaikumus salam, Malama. Shawararmu a taƙaice ita ce ki sayar da ita a dunƙule, yadda take, ga wanda zai biya kuɗinsa cif a rana ɗaya. Kada ki sa mata inji, kada ki bayar da ita bashi, kada ki wargaza ta. Amma akwai aiki ɗaya da ya kamata ya riga ciniki, kuma shi ne zai fi kawo miki kuɗi: ki san ainihin abin da ya mutu a motar.

"Injin ya tafi" ba bayani ba ne. Ana faɗar wannan maganar a kan injin da ya fashe, ana faɗarta a kan wanda gasket (shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da gangarsa) kawai ya ƙone masa, har a kan wanda ba abin da ya same shi sai famfon mai da ya daina aiki. Tsakanin waɗannan ukun akwai tazarar kuɗi mai yawa. Ba mu ce bakanikenki maƙaryaci ba ne. Sai dai tun ranar da ya nuna yana son motar ya koma mai saye, kuma ba a tambayar mai saye ya faɗi darajar abin da yake son saye. Ki nemo wani bakanike na daban, ki gaya masa tun farko cewa ba gyara zai yi ba, ba kuma za ki sayar masa ba, dubawa kawai zai yi ki biya shi ladan aikinsa. Aikin bai wuce na awa ɗaya ko biyu ba. Ya zo da lafiyayyen batir, da sifanar fulogi, da gejin awon matsin silinda.

Kada ya fara da murza makulli. Injin da ya yi wata 14 a tsaye duk baƙin mansa ya gangara ƙasa, in kuwa akwai ruwa kwance a kan fistin, yunƙurin tayar da shi na iya lanƙwasa sandar da ke riƙe da fistin ɗin, a ƙara ɓarna a kan ɓarna. Ya fara zaro gejin baƙin mai, ya kuma buɗe murfin da ake zuba man. In man ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai kauri kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga cikinsa. Daga nan ya cire fulogogi duka, ya ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, ya sa babbar sifana a kan notin fulin karanshaf ya juya injin da hannu zagaye biyu. In ya juyu sumul, injin bai kama ba, kuma wannan labari ne mai daɗi. In ya ƙi motsi ko kaɗan, ya kama. In ya juyu amma ruwa ya feso daga ramin fulogi, to gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Sai bayan haka ne za a sa batir a auna matsin kowace silinda. A injin fetur mai lafiya ana samun abin da ya kama daga 120 zuwa 180 a ma'aunin matsi na psi, kuma bai kamata wata silinda ta bambanta da 'yar'uwarta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Silinda biyu maƙwabtan juna da suka faɗi ƙasa tare alama ce ta gasket ya ƙone a tsakaninsu. Ki sa ya rubuta miki lambobin a takarda, za su yi miki amfani a gaban masu saye.

Dalilin da ya sa muke zargin gasket shi ne abin da kika faɗa da kanki, cewa ta yi zafi kika ci gaba da tafiya. Kan injin yawancin ƙananan motoci na alminiyam ne, zafi mai tsanani yana sa shi ya ɗan karkace, sai gasket ɗin da ke tsakaninsa da gangar injin ya daina riƙe ruwa. Da a makon farko aka buɗe, wataƙila da gyaran bai wuce a goge kan injin a sa sabon gasket ba. Amma ruwan da ya kwana a cikin silinda sama da shekara yakan sa tsatsa ta haɗe ringi, wato zobban da ke jikin fistin, da bangon silinda. Saboda haka kada ki sa rai da yawa. Duk da haka a duba, domin wani lokaci sai a tarar matsin silinda lafiya lau, abin da ya hana tashi famfon mai ne, ko wata na'urar lantarki da zafi ya lalata. Famfon yana da sauƙin ganewa: in aka murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba suke kunnuwa, ana jin ɗan gurnaninsa na daƙiƙa biyu daga wajen tanki. In aka ci sa'a matsalar ƙarama ce, a zuƙe tsohon fetur, don fetur yana fara lalacewa bayan wata uku zuwa shida, a zuba sabo kamar lita biyar, a tayar da ita. Motar da mai saye ya ji ƙarar injinta da kunnensa ta fita daga sahun matattu, kuɗinta ma daban ne. Wannan kaɗai ne gyaran da muke goyon baya.

In kuwa maganar bakaniken farko ta tabbata, ga lissafin da zai raba miki gardama. Mu ƙaddara lafiyayyar irinta tana yin kashi 100. Inji da kuɗin aiki sun ci 55. To ba a nan kashe kuɗin zai tsaya ba. Batirinki ya mutu, domin batirin da ya daɗe ba caji ba ya farfaɗowa yadda ya kamata. Tayoyin da suka zauna a sace gefensu ya tsattsage. Birki ya yi tsatsa, man birki ya sha danshi, takardu sun ƙare. Sannan ga abin da mutane suka fi mantawa: abin da ya jawo zafin tun asali yana nan, ko lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa, ko fanka, ko tamostat mai buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi. In ba a gano shi ba, sabon injin ma hanyar da na farko ya bi zai bi. Ki ƙara 20 a kan 55, kin kashe 75. Ki kai ta kasuwa a taya ta 90, don motar da aka canja wa inji ba a cika biyanta cikakken kuɗi ba. Abin da ya rage a hannunki 15 ne, bayan wata ɗaya ko biyu na zirga-zirga, kuma da sharaɗin tsohon injin da aka sayo ya yi kyau, abin da ba wanda zai iya rantse miki a kai. In a yau akwai mai ba ki 25 ko 30 a yadda take, kin ga gyaran asara ne. Ki cire lambobinmu ki sa naki na gaskiya, ki kwatanta abin da zai rage bayan gyara da abin da za a ba ki yau. Bakanike yana iya cin riba a motar da ke za ki faɗi a kanta, saboda shi ba ya biyan kuɗin aiki kuma ya san inda ake samun inji da sauƙi. Shi ya sa yake so.

Yanzu batun tayin da ya ɓata miki rai. Kada ki ji haushin ɗan gwangwan, shi ba mota yake saye ba, nauyi yake saye. Amfanin tayinsa a gare ki shi ne ya nuna miki ƙasan farashi, inda ba za ki sauka ƙasa da shi ba ko me ya faru. Kina ma iya lissafa shi da kanki. Ƙaramar mota tana da nauyin kilo 1,000 zuwa 1,400, ainihin adadin yana cikin littafin motar. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin nan ƙarfe ne, saura roba ce da gilashi da kujeru da ruwaye, su kuwa mai sikeli zai zabtare su. Ki kira masu sayen ƙarfe biyu ko uku ki tambayi kuɗin kilo a wannan makon, don farashin yana hawa yana sauka, sai ki ninka shi da yawan kilon ƙarfen motar. Abin da ya fito shi ne kuɗin gawar motar.

Amma motarki ba gawa ce zalla ba. Ranar da ta tsaya, injin ne kaɗai ya samu matsala. Giyar atomatik ɗinta tana shiga lafiya har ƙofar gida, kuma a motar da injinta ya mutu ita ce kadara mafi tsada. Ga altaneta, ga kik, ga kwamfiresan AC, ga ƙwaƙwalwar motar, ga sitiyari da kayansa, ga fitilu da ƙofofi da gilasai da bamba. In bodin bai taɓa yin babban hatsari ba kuma tsatsa ba ta ci ƙasansa ba, akwai mai neman irinsa don ya juye masa injin motarsa da ta yi karo. Ki ɗora maganaɗisu a kan wilin: in bai kama ba na alminiyam ne, kuma kuɗinsa ya ninka na baƙin ƙarfe sau da yawa. Mataccen batir ma ana sayensa, domin yana da nauyin kilo 12 zuwa 20 kuma fiye da rabinsa dalma ce.

Akwai abu ɗaya da muke so ki sa ido a kansa sosai, wato katalis, tukunyar da ke jikin salansa kusa da inji, mai tace hayaƙi. A cikinta akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da 'yan giram kaɗan na filatinam da faladiyam da rodiyam, ƙarafa masu tsadar gaske. A wasu motocin, kuɗin wannan tukunyar kaɗai yana yin kusa da na duk ƙarfen motar. Shi ya sa ɓarayi suke yanke ta daga motocin da aka daɗe da ajiyewa, aikin 'yan mintuna ne, wasu kuma a gareji ake fasa ta a kwashe cikin a mayar da fanko. Ki sa bakaniken da ya zo dubawa ya leƙa ya tabbatar tana nan, ya ƙwanƙwasa ya ji ko fanko ce, ya ɗauko miki hoton lambar da aka buga a jikinta, don da lambar ake sanin kuɗinta. Duk wanda ya taya motar bai ambaci katalis ba, ke ki ambata. Da zarar mai saye ya ji kin san da ita, ya san ba da makaho yake ciniki ba.

Wannan ya kawo mu ga maganar ƙanenki. Gaskiya ya faɗa, in aka tattara kuɗin kayan ɗaya bayan ɗaya sun fi kuɗin motar a dunƙule. Abin da bai lissafa ba shi ne lokaci. Kaya shida ko takwas masu farin jini za su tafi a makonni biyun farko. Sauran sai wanda Allah ya kawo, ƙofa ɗaya yau, madubi bayan wata guda. Kafin nan motar ta koma ƙwarangwal a kan duwatsu, ba taya ba gilashi, ruwan sama yana shiga, ga mai gida da ya riga ya fara magana. Wanda ya sayi altaneta zai dawo bayan kwana uku ya ce ba ta caji, ke kuma ba ki da hanyar sanin ko taki ce ya dawo da ita. Kuma aikin yana da haɗari ga wanda bai iya ba. Baƙin mai lita huɗu zuwa biyar da man giya dole a tare su a mazubi, ba a zubar a ƙasa. Ruwan lagireto mai launi yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne, yara da dabbobi sukan sha. Jakar iska ta sitiyari na iya fashewa a fuskar mai kwance ta. Tankin da ake ganin ba mai a ciki shi ne ya fi saurin tashi in wuta ta kusance shi, don tururin fetur ne yake kamawa. Wargaza mota sana'a ce ta mai fili da rumfa da kayan aiki da haƙurin shekara. Ke kin ce 'yan makonni gare ki. Ki sayar wa masu wannan sana'ar, su ci ribar haƙurinsu.

Bashin bakanike kuwa, a'a. Ranar da motar ta bar ƙofar gidanki kin rasa abin riƙo. Zai fara kwance ta ko ya zuba mata kuɗinsa, in biya ya tsaya a wata na uku, ba motar da za ki karɓo, kuma har lokacin sunanki ne a takardunta. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ki gaya masa cikin mutunci cewa kuɗi kike bukata a dunƙule, in yana so ya kawo tayinsa lakadan kamar kowa. Sau da yawa wanda ya ce ba shi da kuɗi yakan nemo su da zarar ya ga wani zai ɗauke.

Kafin ki kira kowa, ki ba motar rabin yini. A wanke ta ciki da waje, a share ganye da yanar gizo-gizo, a ba tayoyin iska ko da za su riƙe na kwana biyu ne kawai. A gwada tura ta taku biyu ko uku. In hambirki ya daɗe a ja, takalman birkin baya sukan manne, ɗan girgiza motar gaba da baya ko ƙwanƙwasa wajen da guduma a hankali yakan sake su. Motar da take gangarawa a kan tayoyinta ta fi sauƙin ɗauka, mai saye kuma yana lissafa wannan. Ban da haka kada ki kashe komai, ba fenti, ba sabuwar taya, ba sabon batir. Ki ɗauki hotuna kamar goma sha biyu da rana: kusurwoyi huɗu, kujeru, gaban direba da lambar tafiyar da ta yi, cikin bonet, cikin but, da duk inda ya loɓa ko ya yi tsatsa.

A wajen talla, ki faɗi gaskiya ƙarara. Ki rubuta samfurin motar da shekararta, sannan wani abu kamar haka: "Ba ta tashi. Ta yi zafi, injin ya kama, wata 14 tana ajiye. Giya lafiya lau har ranar da ta tsaya. Bodi bai taɓa hatsari ba, katalis yana nan, takardu cikakku da sunana. Mai saye zai zo da janwe." Wasu suna ganin faɗar aibi yana karya farashi. A irin wannan cinikin ɓoyewa ce take karya shi, domin duk wanda zai sayi matacciyar mota ya san inji, zai gano da kansa, in kuma ya kama ki da ɓoye abu ɗaya sai ya daina yarda da sauran maganarki, har da wadda take gaskiya. Wanda kuwa aka gaya wa komai ba shi da bakin dawowa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ki nemi tayi daga mutum uku zuwa biyar, kuma kada su zama iri ɗaya: masu sayar da tsofaffin kayan irin motarki, bakanikai masu saye su gyara, mai irin motar da yake neman bodi, da kamfanonin da ke tallan sayen matattun motoci. Ki sa kuɗin farko sama da abin da za ki sallama da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kuma ki yanke wa kanki adadin ƙarshe tun kafin kowa ya zo, ki rubuta shi. In da hali ki ba su rana ɗaya, sa'o'i kusa da juna. Mai sayen da ya iso ya tarar da wani yana leƙen ƙasan motar ba ya tsayawa dogon ja-in-ja. In dillali ya shigo, a yanke la'adarsa tun farko, a kuma san wanda zai biya, kuma ki dage sai kin yi magana da mai sayen baki da baki.

Ranar dubawa ta zama da rana tsaka, ƙanenki ko wani babba yana tsaye. Aikinsa ɗaya ne, kada idonsa ya bar cikin bonet. A duba, a taɓa, amma ba a kwance ko da noti ɗaya. Ƙananan kaya irin su koyil da rile ana musanya su da matattu cikin ƙiftawar ido. Asalin takardu su zauna a hannunki, kwafi za ki nuna. Kuma ki san da wata dabara da ta yaɗu: a yi miki tayi mai daɗi a waya, a zo da janwe, a ɗora motar, sannan a fara gano aibobi ana rage kuɗi, da sanin cewa nauyin cewa a sauke ta zai hana ki magana. Maganinta shi ne a gama ciniki motar tana ƙasa. A duba, a sallama, a biya, sannan sarƙa ta taɓa ta. Ki sa su turo miki farashin a rubuce ta saƙon waya tun kafin su taso, tare da bayanin cewa kuɗin janwe a kansu yake. In suka zo suka sauya magana, ki ce albarka, su koma da janwensu.

A wajen karɓar kuɗi ne aka fi yin kuka. In tsaba ne, mafi kyau a haɗu a banki, a ƙirga a gaban ma'aikaci, a zuba a asusunki nan take, kin huta da tsoron jabu da na kwana da kuɗi a gida. In turawa za a yi, kada ki yarda da saƙon da ya shigo wayarki ko hoton rasit da aka nuna miki, duka biyun ana ƙirƙirarsu. Ki buɗe manhajar bankinki da hannunki ki ga kuɗin sun zauna a cikin abin da za ki iya cirewa. Cek ba kuɗi ba ne sai ya fashe. Wanda ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima, ki mayar masa da ragowar, ko ki biya mai janwensa daga ciki, ɗan damfara ne, ki rufe maganar. In wani ya ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar da zai cika da abin da zai faru in bai cika ba, motar kuma tana nan inda take. Wani abin lura: wasu ƙasashe sun hana a sayi tsohon ƙarfe da tsabar kuɗi don daƙile satar ƙarafa, Ingila na cikinsu a ƙarƙashin dokarta ta 2013, saboda haka in kamfani mai rajista ya ce ta banki kawai yake biya, ba abin zargi ba ne.

Saura takarda, kuma muna roƙonki kada ki raina ta don motar matacciya ce. A rubuta yarjejeniya kwafi biyu. Ta ƙunshi sunanki da na mai saye da adireshinsa da lambar katin shaidarsa, samfurin motar da launinta, lambar da take ɗauke da ita, lambar inji, da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. A kwafo lambar shasin daga jikin motar, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba ta gefen direba ko a jikin ginshiƙin ƙofa, a kuma tabbatar ta yi daidai da ta takarda. A rubuta kuɗin, da kwanan wata, har da ƙarfe nawa aka miƙa ta. A rubuta cewa an sayar da ita ba ta tashi, mai saye ya duba ya amince, ba dawowa. Shaidu biyu su sa hannu. Mai sayen da ya ƙi nuna katin shaida, ki bar shi ya tafi ko nawa ya taya.

Dalilin wannan tsanani shi ne takardun matacciyar mota suna da kasuwa a wajen ɓarayi. Sukan saye ta don lambar shasinta kawai, su yanke su liƙa wa motar sata mai irin samfurinta, sai ta koma yawo da takardu masu kyau. In ba ki cire sunanki ba, ranar da aka kama motar ko ta yi ɓarna, ƙofarki za a ƙwanƙwasa. Saboda haka ki je hukumar rajistar motoci ta inda kike, ko ki shiga shafinta, ki sanar da cewa motar ta bar hannunki, a cikin kwanakin da dokarku ta ƙayyade. Ki tambaye su batun lamba tun kafin ranar ciniki, domin a wasu wurare lambar ta mai mota ce sai ya cire abinsa, a wasu kuma tana bin motar. In narkar da ita za a yi, ki nemi a soke rajistar, ki kuma karɓi takardar shaidar an lalata ta in ana bayarwa a wajenku. In da sauran bashin banki ko na wurin aiki a kan motar, a warware shi kafin a sayar. In akwai inshorar da har yanzu take ci, ki soke ta bayan an ɗauke motar, ba kafin nan ba.

In kika bi wannan tsarin, kwana goma zuwa mako biyu sun isa: kwana biyu na dubawa da wanki, mako ɗaya na karɓar tayi, sannan ranar ɗauka. Ki gaya wa mai gida ranar da kika sa, hankalinsa zai kwanta. In mako biyu suka cika ba wanda ya haura ɗan gwangwan da abin kirki, ki koma wajen masu sikeli, amma a yi kuɗin katalis da batir da wilin alminiyam daban, sannan a auna saura a gaban wakilinki.

Daren da za a ɗauke ta, ki bincike motar tas: aljihun gaba, ƙarƙashin kujeru, bayan abin kare rana, ramin safaya. Tsofaffin rasit da kwafin katin shaida da makullan gida sukan maƙale a irin wuraren nan. In an taɓa sa mata na'urar bin sawu, a cire ko a soke rajistarta. Da yake atomatik ce, ki ja kunnen mai ɗauka kada ya ja ta da igiya tayoyin da giya ke juyawa suna ƙasa, domin famfon man giyar inji ne yake juya shi, in inji a kashe yake giyar za ta yi ta juyawa ba mai har ta ƙone, mai saye kuma ya dawo ya ce haka kika sayar masa. A ɗora ta gaba ɗaya a kan janwe mai shimfiɗa, ko a ɗaga tayoyin gaba in ita mai jan gaba ce. In batir ya mutu sandar giya ta ƙi fita daga P, akwai ɗan maɓalli ko ƙaramin murfi kusa da ita da ake dannawa ta koma N, makulli kuma ya zauna a ciki don sitiyari ya saki. Bayan an ɗaure ta, ki ɗauki hotonta a kan janwen yadda lambar janwen za ta fito, ki haɗa shi da kwafin yarjejeniyar da shaidar biyan kuɗin ki adana wuri ɗaya.